Amanar 'Yar Agadas

Gwaram, 9 ga Yuni, 1992

Zuwa ga Yaya Abdurra'uf, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da Yaya Mero da yara. Ina fata ciwon gwiwar nan ya sake ka, ko da yake na san ba za ka faɗi gaskiya ba, tunda malamin gona ba ya yarda ya tsufa ko da gwamnati ta sallame shi. Mu nan lafiya lau, sai kewar Baba. Na gode da tattakin da ka yi har Sara don ta'aziyya, Allah ya bar zumunci.

Ɗanbala direba zai sauke maka kaya biyu tare da wannan takarda. Na farko ƙullin ƙwallayen dabino ne, na ƙarshe da Baba ya tara. Na ji kana renon itatuwa a leda kana raba wa abokanka masu sha'awar lambu, to ga su nan, ka yi yadda ka ga dama da su.

Na biyun shi ne maganar. Ka san 'Yar Agadas, dabiniyar nan ta tsakar gidanmu a Sara, wadda Baba ya ɗauko tana ƙarama a bayan raƙumi lokacin da ya dawo daga karatu. Tun da na yi wayo ba mu taɓa buɗe-baki da wani dabino ba sai nata. Ta fi shekara goma sha biyar ba ta fitar da 'ya a gindinta ba, har Baba ya fitar da rai, sai ga shi a ƙarshen rayuwarsa ta fitar da guda ɗaya tak. Kwana huɗu kafin ya cika ya ce da ni, "Umma, gida da gona kwa raba da 'yan'uwanki. Wannan kuwa taki ce ke kaɗai. Duk inda kika zauna ki dasa ta." Ita ce ke cikin buhun nan mai jiƙa.

Ba ni da inda zan ajiye ta. Rijiyar gidan Sara tana ƙafewa da rani, ni kuma a gidan malaman makaranta nake, inda awakin hedimasta suka fi ɗalibai yawa. Na samu ɗan fili a bayan makaranta, amma sai baɗi zan iya katange shi. Kai kana da ruwa, kana da sani. Ka riƙe mini ita shekara ɗaya.

Kada ka ce don me na tsallake 'yan'uwa na kusa na zo gare ka. Baba bai gaji da ba mu labarin mahaifiyarka Inna Lami ba, yadda ya bar mata tumaki uku zai tafi Agadas, ya dawo bayan shekara bakwai ta kora masa garke, ko ƙaho ɗaya ba ta taɓa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wassalam. Ƙanwarka,
Ummussalma Iliyasu

Birnin Kudu, 21 ga Agusta, 1992

Malama Ummussalma,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, Mero tana gaishe ki. Gwiwa kuwa ƙalau take, wanda ya ce miki tana ciwo shi ne bai da lafiya.

Amana ta iso. Na sa ta a rabin duro da ƙasar bakin rafi da taki mai sanyi, na ɗaure ganyenta, na yi mata rumfar zana. Jiya na ga sabon kai ya leƙo, ke nan ta kama. Ki kwantar da hankalinki, shekara talatin na yi ina wannan aiki.

Ƙwallayen ma sun yi abin kirki. Na jiƙa su kwana biyu na sa a leda, sittin da ɗaya sun tsiro. Amma bari in ƙara miki karatu, tunda ku malaman firamare a bakin shuka wake a cikin gwangwani iliminku ya tsaya. Ƙwallo ba ya gadon uwarsa. Ki shuka goma daga dabino mafi zaƙi a duniya, biyar su fito maza waɗanda ba sa 'ya'ya, sauran kuma kowace da nata hali, wata ma ɗanta ko akuya ba ta ci. Kuma ba ki sanin wanda kika samu sai bayan shekara shida. 'Yar gindi ita ce uwar kanta, ba ta sauya komai. Shi ya sa Baba Iliyasu ya ba ki ita bai ba ki ƙwallo ba.

Muna da ɗan zama a lambuna duk Juma'a bayan la'asar, mu goma sha. Akwai malaman asibiti, akwai tsofaffin ma'aikata irina, akwai Alhaji Yahuza mai motocin Kano, wanda shi ya kawo mini injin ban-ruwa bara ba tare da na roƙa ba. Tun da aka ba mu jiharmu kowa so yake ya ga kore a ƙofar gidansa. Ba ma sayar wa juna iri, wannan ita ce dokarmu. Wanda ya samu ya bayar.

Naki,
Abdurra'uf

Gwaram, 18 ga Yuni, 1993

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ni jikina lafiya, amma zuciyata babu daɗi.

'Yar Agadas ta faɗi. Iskar da ta zo gaban ruwan shekaranjiya ce ta karya ta daga tsakiya, ta rushe katangar gabas. Allah ya tsare ba ta taɓa kowa ba. Na je Sara jiya na same ta kwance a tsakar gida, yara suna hawa kanta suna wasa. Ban yi kuka haka ba ko ranar da aka ɗauki Baba, don ranar mutane sun yi yawa.

Abin da ya riƙe ni shi ne tunawa da rabin duron nan naka. Yanzu duk duniya ita kaɗai ta rage. Na gama katanga, na sa ƙofar langa-langa, na sa an haƙa rami kamu uku an zuba taki kamar yadda ka taɓa kwatanta mini. Ka ba Ɗanbala ita a zuwansa na gaba, ka ce ya ɗaure ta sosai, ka san hanyarmu.

Ummussalma

Birnin Kudu, 3 ga Yuli, 1993

Malama Ummussalma,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwana biyu shiru, ban ji daga gare ki ba. An ce motar Ɗanbala tana gareji a Kano, don haka zan ba wani malamin asibiti da zai zo Gwaram wannan takarda. Muna lafiya.

Da kin zo jiya da kin ga abin farin ciki. Na raba dashen dabinon Baba Iliyasu. Na jera ledojin nan sittin da ɗaya a ƙarƙashin mangwaro, Mero ta dama kunun zaƙi, mutane suka zo har da waɗanda ban gayyata ba. Kowa na ba shi nasa na gaya masa labarin raƙumi da Agadas, aka yi wa Baba addu'a. Wani ya ce daga yau sunana Sarkin Dabino. Na ce a'a, amma ba da ƙarfi ba.

Akwai ɗan abin da ya faru a ƙarshe, gara ki ji daga bakina. Alhaji Yahuza ya makara, ya iso an kwashe komai. Ya duba nan ya duba can, sai ya nuna rabin duro ya ce, "Malam, waccan fa?" A gaban mutum ashirin, ga injinsa yana ta ƙara a bakin rafi. Me zan ce? Na ce, "Taka ce, Alhaji." Nan take yaransa suka ɗora ta a mota.

Kada ranki ya ɓaci. Ke da kanki kin rubuta in yi yadda na ga dama. Kuma uwa tana nan, wadda ta yi ɗaya za ta yi biyu. Da kaka zan zo Sara da kaina in tara mata ƙasa a gindi, ki ga aikin masana.

Naki,
Abdurra'uf

Gwaram, 6 ga Yuli, 1993

Yaya Abdurra'uf,

Salamu alaikum. Takardarka ta same ni a aji, na karanta ta sau uku kafin na yarda hannunka ne.

Na gane tawa ba ta iso gare ka ba, tana aljihun Ɗanbala. To ka ji yanzu: uwa ba ta nan. Ta faɗi tun watan jiya.

Ka ɗauko takardata ta bara ka sa tabarau. Inda na ce ka yi yadda ka ga dama, maganar ƙwallaye nake. Ita kuwa cewa na yi ka riƙe mini. Ɗan aji uku ba zai haɗa waɗannan biyun ba, balle mai shekara talatin a aiki. Ko da uwar tana tsaye, wa ya ba ka? Ka yi kyauta da abin da ba naka ba, aka yi maka kirari, ni aka bar ni da rami.

Ba faɗa nake so ba, dabiniyata nake so. Kwana huɗu ke nan, ko saiwa ba ta sake ba. Ka je wurin Alhajin yau, ka ce masa kuskure aka yi, ta marainiya ce, amana ce. In ba za ka iya ba ka gaya mini inda gidan yake in zo da kaina ranar Asabar. Ni bakina ba ya nauyi a kan abin ubana.

Ummussalma

Birnin Kudu, 19 ga Yuli, 1993

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu sun zo mini rana ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi da na san ta faɗi da ko Alhaji ya kwana yana nuni ba zan buɗe baki ba. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba, ki tambayi Mero.

Amma ki saurare ni da kunnen basira. Ba a karɓe kyauta. Ke malama ce, kin san abin da aka kwatanta mai yin haka da shi, ba sai na rubuta sunan dabbar ba. A gaban jama'a na bayar. In na koma na ce a tono mini, da wane ido zan sake zama ranar Juma'a? Wa zai ƙara karɓar iri a hannuna bai yi tunanin gobe zan biyo shi ba? Kuma ina roƙonki don darajar zumunci kada ki zo. Mace ta shiga gidan mutum kamar Alhaji tana neman a tone masa shuka, ni za a zaga, ba ke ba.

Ga hanya mai sauƙi. Dabiniya mai ƙuruciya ba ta rowar 'ya'ya. Nan da shekara uku za ta fitar da biyu ko uku a gindinta, kuma ni ne mai duba masa ita. Ta farko taki ce, na ɗauki wannan alkawari tsakanina da Allah. Ita ce dai 'Yar Agadas, babu abin da ya ragu. Mahaƙurci mawadaci.

Ki rufe ramin da ƙaya kada yaro ya faɗa.

Yayanki,
Abdurra'uf

Gwaram, 2 ga Oktoba, 1996

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ji an yi wa Yaya Mero aikin ido, Allah ya ƙara sauƙi. Ban zo dubiya ba, kuma ka san dalili. Ka ce kada in zo Birnin Kudu, na ji maganarka fiye da yadda ka nufa.

Shekara uku sun cika har da wata uku. Na rubuto bara ba amsa, na rubuto da azumi ka aiko mini da mangwaro. Na gina ɗaki biyu a filin, na tare. Maginin ya so ya ja ɗakin girki ta kan ramin, na hana, har ya ce ko kabarin wani ne. Duk damina sai ya cika da ƙasa, duk kaka sai in sa a yashe. Maƙwabta sun sa wa gidana suna gidan rami.

Wani malaminmu ɗan Birnin Kudu ya ce ya ga dabiniya a gidan Alhaji Yahuza ta yi kyau, har da 'ya'ya biyu a gindinta. In gaskiya ne, me ake jira? In kuma ƙarya ne ka faɗa mini in daina sauraron ƙarar kowace mota.

Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa ta ita kaɗai ba tare da karin magana ba. Ka taɓa gaya wa mutumin nan cewa tawa ce?

Ummussalma

Birnin Kudu, 11 ga Mayu, 1998

Ummussalma,

Assalamu alaikum. Mero ta warke, tana gani. Ni ne dai gwiwa ta kayar, yanzu da sanda nake zuwa lambu. Takardarki tana cikin aljihun rigata shekara ɗaya da rabi. Na fara amsa ta ya fi sau goma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amsar tambayarki ita ce a'a. Ban gaya masa ba.

Malaminku bai yi ƙarya ba, ta fitar da biyu. Ni na tara musu ƙasa da hannuna. Duk zuwan da na yi sai in ce yau zan yi magana, sai Alhaji ya fito da baƙi ya ce, "Ga Sarkin Dabino, shi ya ba ni wannan," sai maganar ta koma ciki. Na ce bari su ƙara ƙwari. Na ce bari damina ta zo. Na ce bari ya dawo daga Umara. Gaskiyar ita ce in na roƙi 'yar dole in faɗi dalili, in na faɗi dalili kowa zai san kyautar da aka yi mini kirari a kanta ba tawa ba ce.

Bayan ƙaramar Salla na kwanta sati uku da gwiwa. A cikin kwanakin Alhaji ya sayo motoci biyu, ya sa aka shafe tsakar gidan da siminti don su samu wurin kwana. Magina suka sare 'ya'yan biyu don sun tare hanya, suka zuba baƙin mai a wurin kada su sake tsirowa, suka kai siminti har jikinta. Da na samu sauƙi na je na duba da idon sana'a. Ba na jin za ta ƙara fitar da wata.

A ranar, a tsaye a kan simintin, na gaya masa komai, daga raƙumi har ramin gidanki. Na so ya yi fushi. Dariya ya yi ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, ai da ka faɗa tun ran nan da na sa an mayar mata. Ni da dabino da darbejiya duk ɗaya ne, inuwa nake so." Ya ce in ina so yanzu ma a fasa simintin a tone ta. Ta fi ƙarfin haka, tsawonta ya wuce katanga, in aka taɓa ta mutuwa za ta yi.

Bana ta yi haihuwar fari. Ni na yi mata barbara da hudar ɗaya daga cikin mazan da suka fito a ƙwallayen Baba. Alhaji ya ce a cika miki kwano, ga shi nan wurin Ɗanbala, ya ce kuma duk shekara za a aiko. Ban ɗanɗana ba, ban ga ina da hakki ba.

Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba. Ina nema.

Abdurra'uf

Gwaram, 15 ga Mayu, 1998

Malam Abdurra'uf,

Wa alaikas salam. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa.

Kwano ya iso. Na yi niyyar mayar da shi yadda ya zo, sai na kasa. Na rufe ƙofa na zauna a bakin ramin na ci ɗaya. Ita ce. Laushin nan, da ɗan ɗacin nan na kusa da ƙwallo wanda Baba yake cewa shi ne hatiminta. Na ga hannunsa yana miƙo mini a kan buzu ana kiran magariba. Na cinye kwanon duka a zaune, ban ba kowa ba, kuma ban ji kunya ba.

Ka gode wa Alhaji, shi bai ci mini komai ba. Amma ka ce masa kada a ƙara aikowa. Ba zan zauna ina jiran a sammini abin ubana shekara-shekara a kwanon wani ba.

Da ka ce mini ta mutu a duro da tuni na haƙura, don shuka tana mutuwa a hannun kowa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kalma ɗaya ce tsakanina da ita, shekara biyar, kuma mutumin ma inuwa yake so. Ka auna wasiyyar Baba da zamanka na ranar Juma'a, ka ga wanda ya fi nauyi. Ni kuma na biye maka na zauna a gida don kada a zage ka. Wannan laifin nawa ne, da shi zan kwana.

Gafara ka nema. Na yafe maka don Allah, saboda ba na so in tsaya da kai gobe a kan wannan. Amma yafiya ba ta tsiro a rami. Jiya na sa an cike shi, magini zai ja ɗakin girkin.

Ɗanbala zai ba ka kwanon. Ba fanko na mayar ba, ƙwallayen suna ciki, na wanke su na shanya. Ka jiƙa su kwana biyu ka sa a leda ka raba wa abokanka, wannan karon da izinina, kuma na rubuta shi yadda ba za a karanta shi a karkace ba. Ni ba ni da abin yi da su. Kai ka koya mini cewa ƙwallo ba ya gadon uwarsa. Da na san karatun nan tun farko, da ban aika wa ɗan Inna Lami amana don ina tuna Inna Lami ba.

Ka gaida Yaya Mero.

Ummussalma Iliyasu